Kukan Inbata da Kaskon Turare

Tun da na haifi 'yata nake da wata ɗabi'a da har yau ban daina ba: in ta yi barci sai na kai yatsa ƙarƙashin hancinta, in ji ko numfashi yana fita. Abin da ya fi tayar min da hankali kuwa shi ne zafin bazarar Potiskum. Na manta wadda ta fara gaya min cewa sanƙarau yana son ɗaki mai zafi, amma maganar ta zauna min a ƙirji ta ƙi tashi. Da na ji jikin yarinya ya ɗan yi ɗumi sai in kama lanƙwasa mata wuya, gaba da baya, har ta farka ta tsala min ihu. Sannan hankalina yake kwanciya.

Mijina mai rakiyar shanu ne. Idan aka loda tirela a kara, wato kasuwar shanu, shi ne yake hawa sama ya bi su Kudu, yana tayar da waɗanda suka kwanta don kada 'yan'uwansu su tattake su. In ya tafi sai dai ka gan shi. Da ya gaji da ganin ina yi wa yarinya fifita har hannuna ya sage, sai ya sayo sola: faranti a kan rufi, inbata da wani ƙaton batir a ƙasa. Shi da wani abokinsa suka haɗa, suna yi suna leƙa waya. Ɗaki ɗaya ne da mu a gidan haya a Yerimaram, waje kuma akwai awaki da masu dogon hannu, don haka batir ya samu kusurwa a cikin ɗaki, kusa da katifa. Fanka ta fara juyawa, ƙurajen zafi suka baje, ni ma na fara barci kamar mutane.

Ana nan, ya yi wata tafiya. Rannan da hantsi inbata ta fara wani sauti, tii, tii, tii, ba tsayawa. Sai kuma wari ya biyo baya, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Na duba ƙarƙashin katifa ko ɓera ne ya mutu. Na duba ƙugun yarinya, na ba ta haƙuri don na zarge ta a banza. Da na kai hannu jikin batir sai na ji shi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Na kira mijina, waya ba ta shiga. Na kira abokin nasa, bai ɗauka ba, aka ce ya tafi biki Damagum.

Akwai maƙwabciyata a gidan, ɗakinta yana kallon nawa. 'Yar asalin Barno ce, ta girme ni sosai, Yaya nake ce mata. Turaren wuta da humra take haɗawa tana sayarwa, kuma ban san wani guruf a waya da ba ta ciki ba, har na masu kiwon kifi, alhali ba ta cin kifi. Ita ce ta karɓi wayata ta danna-danna ta miƙo min.

“Ga shi na sa an saka ki. Guruf ɗin masu sola ne, duk Arewa. Ki tambaye su, ƙanwata, kowa a ciki injiniya ne.”

Gaskiyarta. Na bi sunayen na gani, kowa ya rubuta Injiniya kafin sunansa. Wasu ma har da ƙarin haruffa a baya, kamar lambar mota.

Ni a firamare karatuna ya tsaya, kuma tun can ba na son yin tambaya a gaban mutane. Amma yarinya tana kwance a ɗakin, sai na daure. An koya min ba a faɗawa zauren maza a fara da buƙata, don haka na rubuta sallama, na yi musu ina kwana, na jira a amsa.

Kai, an amsa. Ban taɓa sanin ina da daraja haka ba. Sallama ta dinga zubowa, da hotunan furanni, da barka da zuwa Hajiya, da daga wane gari. Sai wani ya rubuto: “A nan ba a dogon gaisuwa. A faɗi matsala kai tsaye. A karanta dokar guruf.” Na ji kunya, na ce to bari in gyara. Na zauna na rubuta a hankali, ina gogewa ina sakewa:

“Don Allah inbatata tana kuka tun safe. Batir yana zafi yana wari. Akwai yarinya a ɗakin. Me zan yi?”

Amsar farko da ta shigo ita ce: “Malama, haka ake shigowa babu ko sallama?”

Ta biyu kuwa: “Tana kuka? Ki ba ta nono mana.”

Daga nan kasuwa ta buɗe. Fuskoki masu dariya da hawaye suka cika min waya. Wani ya ce in goya ta, haƙori take fitarwa. Wani ya ce in duba ko ta jiƙa zaninta. Ni a gidanmu komai kuka yake yi. Ƙofa tana kuka, keken ɗinki yana kuka, waya ma in caji ya ƙare kuka take yi. Ban san akwai wurin da aka hana inbata ba. Wani mai tausayi ya zo ya gyara min, ya ce ba a cewa kuka, alam ake cewa. Nan take wani ya ce ƙarya ne, ba alam ba ce, boza ce. Suka kama juna. Na farko ya turo hoton takardar shaidar karatunsa, na biyu ya turo hotonsa a kan rufin wani bene yana riƙe da faranti. Ina zaune da waya a hannu, inbata tana ta abin da ban san sunansa ba.

Sai wani ya ce an riga an amsa irin wannan tambayar bara, in duba sama. Ni da aka saka ɗazu, babu wani sama a wayata. Na ari ta Yaya na yi ta ja har babban yatsana ya gaji. Na ga gayyatar ɗaurin aure, na ga ta'aziyya, na ga batura na sayarwa, na ga musun ƙwallo. Ban ga bara ba.

Wani ya jero min tambayoyi da Turanci, na gane dai lambobi yake so. Na ce ban iya ba. Ya ce to in ɗauki hoto. Na ɗauka na tura, ashe ƙafar yarinya da kwandon wanki sun fito a gefe. Aka bar batir aka koma kan kwando. Wani ya ce a fara da wanki tukuna. Wani mai shago ya ce in zubar da wannan tarkacen, yana da irin na zamani, kuma yana aikawa kowane gari. Wani kuma ya biyo ni ta gefe, inda ba kowa, ya ce zai taimaka min fi sabilillahi, amma da farko yana so ya sani ko maigidan yana gari.

Cikin wannan hayaniya wani dattijo ya shigo. Daga hotonsa ma ka ga kamala, farin gemu, farar hula. Ya yi cikakkiyar sallama, ya tsawata wa yara, ya ce min 'yata. Ya tambayi wanda ya yi haɗin, na ce mijina ne da abokinsa, kuma maigidan ya yi tafiya. Ya yi wa yarinya addu'a, ya yi wa mijina addu'ar dawowa lafiya. Sannan ya ce kada in damu, batir in yana shan rana haka yake yi, in samu turaren wuta mai kyau in kori warin, in maigida ya dawo sai ya duba. Wallahi sai da idona ya ciko. Tun safe shi ne mutum na farko da ya yi min magana kamar 'yar wani. Da ya ce in ɗauki batir ɗin in sa a kai, da na nemi gammo.

Ina cikin rubuta masa godiya sai ga saƙon murya daga wani, dogo, irin wanda za ka dafa shayi ka shanye bai ƙare ba. Na kunna. Ko sallama babu.

“Wai wane jakin ne ya yi wannan haɗin? Don Allah ku dubi hoton nan! Wannan ai ba haɗi ba ne, kisan kai ne. Mutum bai san komai ba, ya ga waya ja da baƙa, shi ke nan ya zama injiniya. Irin waɗannan ɗaure su ya kamata a yi…”

Na kashe. Mutumin da yake can saman tirela tsakanin ƙahoni, rana tana dukansa, don mu ci mu sha mu kwana a ƙarƙashin fanka, shi ne jaki. A guruf kuwa sabon faɗa ya tashi. Masu cewa bai kyauta ba, da masu cewa gaskiya ce ba a so. Shugaban guruf ya fito ya sake liƙa doka ta kaza, wadda ta hana zagi. Aka yi ta muhawara a kan tarbiyyar mutumin, da ta garinsu, da ta iyayensa. Babu wanda ya ambaci abin da ya faɗa game da batir. Daga baya na gane dalili: su ma a jaki suka tsaya.

Bayan azahar rana ta buɗe sosai. Yarinya ta yi barci a kan katifa, na saki labule na ja ƙofa don kada sanyin fanka ya gudu. Na je na gaya wa Yaya shawarar dattijo. Fuskarta ta washe.

“Yauwa! Ka ji mai hankali. Yanzu aka zo fagena. Akwai wani haɗi da na yi wa wata amarya, in na saka miki shi, ko mushen jaki ne a ɗakin ba za a ji ba.”

“Yaya, don Allah a bar maganar jaki.”

Ta kwashe da dariya. Ta hura gawayi ya yi jajir, ta zuba a kasko, ta barbaɗa turare, ta taho da shi tana rangaji, hayaƙi yana binta. Har ta kai hannu za ta ɗaga labulen ɗakina, sai ta tsaya ta juyo.

“Af, wai da gaske an zagi baban yarinya a guruf? Ni datata ta ƙare ana tsakiyar abin.”

“An zage shi.”

“Me da me aka ce?”

“Ban ji duka ba. Na kashe.”

“Kin kashe?” Ta dube ni kamar na zubar da miya. “Ke wace irin mace ce? Ana zagin mijinki ki ji rabi? To in za ki rama, da me za ki rama? Kunna mu ji.”

“Yaya, ba zan iya ba.”

“Ni zan iya. Kawo.”

Ta dire kaskon a bakin ƙofa, ta jawo turmi ta kifa ta zauna, ta gyara ɗaurin zani kamar za a fara wasan kwaikwayo a rediyo. Duk wanda ya san Yaya ya san ba ramuwa ce ta dame ta ba. Tana son zagi in an iya shi, kamar yadda wasu suke son kilishi.

Mutumin ya gama da mijina ya koma kan abokinsa. “Wannan kam ya cancanta,” in ji Yaya. Ya koma kan masu sayar da siririyar waya a ce mai kauri ce. Ya koma kan yaran zamani da ba sa son zama a koya musu. Ya ba da labarin shekarun da ya yi yana wannan aiki, da manyan gidajen da ya haɗa wa wuta. Ya yi tari. Muka ji yana ce wa wani a shagonsa a ƙara masa sukari. Ya dawo kan mijina, kamar ya tuna ya bar saura.

“Kai, wannan bakinsa da gishiri,” in ji Yaya. “Ko matarsa tana shan magana?”

Ni dai ina tsaye, na naɗe hannu, ina kallon ƙasa. Sai muryar ta sauka, ta zama kamar ta wani mutum daban.

“To, ke mai tambaya. Wannan warin da kike ji, batir ɗin ne yake tafasa, wutar da ke shigar masa daga faranti ta yi yawa. Iskar da yake fitarwa guba ce, kuma tana kama wuta. Ki fitar da yarinyar nan daga ɗakin yanzu-yanzu. Ki buɗe ƙofa da taga. Kada wanda ya kusanto da wuta, ko ashana, ko garwashi, don zai iya fashewa. Kada ki ce za ki cire wayoyin da kanki, ki nemo mai gyara yau ɗin nan. Shi ke nan. Jahilci kawai.”

Saƙo ya ƙare. Na dubi Yaya, Yaya ta dube ni, sai muka dubi kasko. Yana nan a bakin ƙofa, garwashi jajir, hayaƙi yana lallaɓawa ta ƙarƙashin labule.

Ban san Yaya tana da gudu ba sai ranar. Ta suri kasko da hannu biyu ta yi tsakar gida da shi, tana salati, ta juye masa buta guda. Ni kuma na banka ƙofa. Warin da ya buge ni ya ninka na safe, don na kulle shi ya taru. Na sunkuci yarinya na fito da ita inuwar darbejiya, na kai yatsa ƙarƙashin hancinta. Na kasa jin komai. Na girgiza ta. Ta buɗe ido, ta dube ni, ta ɓare baki ta tsala kuka. Ban taɓa jin abu mai daɗi kamarsa ba. Wannan kam kuka ne, duk injiniyoyin Arewa ba mai gyara min.

Yaya ta yafa mayafi ta tari napep ta yi wajen kasuwa, ta dawo da mai gyaran sola. Mutum mai ladabi, ya gaishe ni har da rusunawa. Yana leƙa ɗakin ya toshe hanci ya ja da baya. Ya hau rufi ya raba faranti da sauran kaya, ya jira iska ta ratsa ɗakin, sannan aka kamo batir aka fito da shi. Gefensa ya kumbura kamar cikin akuyar da ta ci dusa ta sha ruwa. Ya ce ƙaramin akwatin da ke daidaita caji ne ya mutu, wuta take ta ɗurawa ba birki.

“Hajiya, Allah ya rufa asiri. Ai irin wannan ba a wasa da shi ko kaɗan. Da kin yi magana tun safe.”

Yaya ta ƙura masa ido. Ta karɓi wayata, ta shiga guruf, ta buɗe wani hoto, ta ɗaga kusa da fuskarsa tana gwadawa.

“Malam, tsaya. Ba kai ne ka ce a ba ta nono ba?”

Ya dubi wayar, ya dubi yarinya a kafaɗata, ya sosa ƙeya.

“Wallahi Hajiya, ban san a garin nan kuke ba.”

Har yau ina juya wannan amsa. Wato da a Gashuwa nake, ko a Azare, da sai in ba ta nonon.

Da yamma na rubuta a guruf, da sallama a gaba don kada a ce, na faɗi abin da ya faru, na yi godiya. Mai saƙon murya ya amsa a taƙaice, ya ce da na saurara tun farko da ban wahala ba. Dattijo ya yi hamdala mai tsawo, ya ce dama shi ya ce a bari mai gyara ya duba. Turare dai bai sake ambatarsa ba, ni ma ban tuna masa ba, don ya ce min 'yata. Mai alam da mai boza kowanne ya ce abin da yake shirin faɗa ke nan aka katse shi. Wanda ya biyo ni ta gefe ya sake tambaya ko maigidan ya dawo.

Ya dawo kuwa. Na yi niyyar ɓoye masa muryar, amma yana ajiye jaka Yaya ta zo yi masa sannu da zuwa da waya a hannu. Ya saurara har ƙarshe, ya ɗauki 'yarsa ya riƙe ta ya daɗe. Can ya ce, “Gaskiya ya faɗa. Amma jakin ya yi yawa.” Yanzu sabon batir yana waje, an yi masa ɗan keji a inuwa, da kwaɗo saboda masu dogon hannu.

Ban fita daga guruf ɗin ba. Ina zaune shiru ina kallo. Kwanaki wata ta shigo ta ce fankarta tana nishi, kuma kun san abin da ya biyo baya. Har yanzu ban san wa zan fi jin haushi ba, wanda ya yi min magana mai daɗi ya kusa sa in shigar da garwashi ɗakin 'yata, ko wanda ya san yarinya tana cikin haɗari amma ya tsaya neman ƙarin sukari. Abin da na sani shi ne, da Yaya ba mai son jin zagi ba ce, da ta ɗaga labulen nan.

Don haka ina da roƙo guda ga mai karanta wannan, in kana cikin masu amsa tambaya a irin waɗannan wurare. In ka san amsar, ka fara da ita. Ka ce a fitar da yarinya tukuna. Zagin, in ya zama dole, ka sa shi a ƙarshe, za mu saurara in hankali ya kwanta. In kuma ba ka sani ba, ka amsa sallama ka yi shiru, ya wadatar.